Hannunsa Da Mai, Nawa Da Lalle

Tun da aka san ni ce ke juye mai a rumfarmu ta Sharaɗa, 'yan matan layinmu a Panshekara ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce Anti Rabi a koya mata, waccan ta ce ai ta gani da idonta, kwance noti ne kawai a tara daro, a zuba sabo a rufe. Har samarin da ke zaman jiran aiki a bakin kamfanoni haka suke faɗa. Ni ban yi nisa a boko ba, a firamare na tsaya, kuma in aka zo magana baki da baki kunya ce ke riƙe mini harshe. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku, ku karanta a bayan idona.

Abin da muke gyarawa tarakta ce da injin yankan ciyawa da ake ɗaura mata a baya, wanda ake kira silasha. Wani faffaɗan ƙarfe ne kamar ƙofar gidan mai kuɗi an kwantar da ita, wuƙaƙe na juyawa a ƙarƙashinsa. Maza da yawa ba sa iya ɗaga shi da hannu. Abin da ke ɗaga shi ya sauke shi man haidirolik ne da ke cikin cikin taraktar. Idan damina ta sauka, ciyawa kan cinye harabar kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai, macizai su samu gida, sai a nemi masu tarakta su zo su share. Akwai kuma masu gonaki da ke yanka wa shanu. In man nan ya lalace, silasha ba ta tashi, in ma ta tashi ba ta tsayawa. A nan muke cin abinci.

Ba ni na zaɓi sana'ar ba. Ta maigidana ce, Baban Ummi. Da haka zan riƙa kiran sa a takardar nan, kamar yadda nake kiran sa a gida. Ni abinci nake kai masa da rana, in zauna kan tsohuwar taya in jira kular abincin, idona na bin hannunsa don ba abin kallo.

Aikin da ya jawo komai ƙarami ne. An kawo wata tarakta tana zubar da mai ba a san ta ina ba. Injin na kunne, ya bi tiyo da tafin hannunsa na dama yana lalube. Sai na ji ya ce kash, ya yarfe hannu. Muka duba, ɗan ɗigo ne kamar cizon sauro, ko jini bai fito ba. Ya ɗaure da tsumma ya ƙarasa aikinsa, har ya ci abinci da hannun. Ashe man da ke fitowa ta ƙaramar huda yana da ƙarfin allura, ya shige masa cikin nama. Washegari hannu ya kumbura. Aka je kemis, aka shafa na gargajiya, aka yi tofi. Kafin mu je asibiti ya yi baƙi, sai da suka tsaga shi. Allah ya sa ba a yanke ba. Ya warke a ido, yatsu duk suna nan, amma ba ya dunƙulewa. Ko cokali sai ya maƙale shi tsakanin yatsu.

Don haka in kun ga na ɗauki guntun kwali ina bin tiyo da shi, ba tsoron datti nake ba. Kwalin ne zai nuna mini inda ke fesowa. Hannu ba ya zuwa wurin.

Shekarar ta zo da wuya ko ba ciwon. Man gas ya yi tsada, masu tarakta da dama sun jingine su, wasu kamfanonin sun rufe ƙofa ciyawa ta rufe su babu mai tambaya. Waɗanda suka saba kawo mana aiki sun watse lokacin jinya. Mutum ɗaya ya rage da za a ce shi ke riƙe da rumfar, Alhaji Sabo, mai taraktoci da ke karɓar kwangilar share harabar kamfanoni. Shi da ya ji an sallamo Baban Ummi sai ya aiko direbansa Gambo da tarakta. In Alhaji ya gane bakaniken nasa ba ya iya kama sifana, rumfa ta mutu, ga 'yarmu Ummi ko zama ba ta fara ba.

Ranar Baban Ummi ya ce wa Gambo ya bar motar ya dawo da yamma, wai shi yanzu ba ya son a tsaya masa a ka. Da Gambo ya tafi, ya ja langa-langar da muke rufe rumfa da ita, ya tsaya yana kallon taraktar. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Rabi, kwantar da yarinyar."

Na shimfiɗa mata zani a inuwa. Ya ce in fara da sauke silasha har ta zauna daram a ƙasa, sannan a kashe inji, a zare makulli, a motsa liba gaba da baya har ƙarfin da ya rage a ciki ya fita. Ya maimaita mini wannan har na gaji da ji. Ya ce ƙarfen da mai ne kaɗai ke riƙe da shi a sama ba a amince masa, ko da uwarka ce ta ɗaga shi. Sannan na shimfiɗa kwali na shiga ta gefe, ta tsakanin tayar gaba da ta baya, na kwanta rigingine a ƙarƙashin mota. Da zani na shiga ranar. Ban sake ba.

Notin juye mai yana can ƙasan cikinta, laka ta rufe shi. Sai an kankare an goge tas, don ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ta isa ta cinye famfon da ke tura man. Na sa sifana na ja, ko gezau. Ya ce in zura bututu a gindin sifanar ta ƙara tsawo. Notin ya saki. Ya ce in riƙa danna notin sama ina warwarewa, sai na ji ya zo ƙarshe in fizge hannu. Ban fizge da wuri ba. Man da ɗumi, don sai an ɗan kunna inji ya yi ruwa kafin a juye, ya bi hannun rigata har hammata. Ga daron wankina da na tara, ina ganin ya isa. Cikin tarakta ba cikin babur ba ne. Daro ya cika ya tumbatsa, mai ya biyo kwali ya jiƙa mini baya, ni kuma na rasa inda notin ya faɗa. Ina lalube a cikin mai, Ummi ta farka tana tsala kuka, shi yana tsaye da hannu ɗaya ba ya iya ɗaukar ta yadda ya kamata. Tun daga ranar rabin duro muke tarawa.

A hankali na koyi karanta mai. Mai lafiya kalarsa kamar man gyaɗa, kuma saboda haka ne ba na yarda a zuba shi a jarkar da aka taɓa sa na miya, ko wanda aka juye ne mata suka roƙa don zuba wa masai ko shafa wa azara saboda gara. In ya yi baƙi yana warin ƙauri, ya sha zafi. In ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. A kan notin akwai mayen ƙarfe da ke kama ɓurɓushi. In ka shafa ka ji laushi kamar kwalli, ba komai. In ka ji tsini yana sukar yatsa, wani abu na cin ɗan'uwansa a ciki, dole a gaya wa mai mota ko ba ya son ji. Filta kuma a wanke ta da gas a bar ta ta tsane da kanta. Na taɓa goge ta da tsohon tawul don sauri, Baban Ummi ya ɗaga ta a rana ya nuna mini zaruruwan da suka maƙale, ya sa na sake tun daga farko. In an zuba sabo ta mazurari mai tsabta, a kunna, a ɗaga silasha a sauke, a ɗaga a sauke, iska ta fita, a kashe a sake duba geji, tsinken awon man. Mai zai ragu, a ƙara. Wanda ya tsallake wannan, gobe za a dawo masa da mota ana zagin iyayensa.

Wannan duk ana koyo. Abin da ya fi wuya ɓoyon ne.

Kun san bakanike in hannunsa da mai ba ya musabaha, wuyan hannu yake miƙawa. To kullum da safe in mun buɗe rumfa, ni nake lakato baƙin mai in shafa wa Baban Ummi a hannun damansa, har tsakanin yatsu, in ɗan goga masa a gaban riga. Duk wanda ya zo sai ya miƙa masa wuyan hannu ya ce afuwan, ana aiki. Ba wanda ya taɓa riƙe tafin balle ya ji ba ya matsewa. Ni kuma kafin a buɗe langa-langa na wanke nawa da sabulu da toka, na cire wandon aiki na cusa a kula, na koma kan tayata kamar wadda ta kawo abinci. Ƙarƙashin farce ne ba ya fita. Sai na shiga ƙunshi, lalle ba ya barin yatsuna, in ya fara koɗewa in ƙara. Inna, mahaifiyarsa, da muke gida ɗaya, har tsiya take mini.

"Wannan amarci naki ba ya ƙarewa ne? Miji na fama da neman na hatsi, ke kina fama da lalle."

In sunkuyar da kai in ce, "Inna, shi ne yake so."

Ummi ce ke hana ni sukuni. Kafin in ba ta nono sai na wanke hannu har fata ta yi zafi, in shinshina, in sake wankewa. Ƙurji ɗaya in ya fito mata a kumatu sai in ce man ne. In tana barci a rumfa ina ƙarƙashin mota, kunnena ɗaya na wajenta, ina tunanin ranar da za ta fara rarrafe ta nufi rabin duron nan. Ban taɓa barin sa a buɗe ba ko na minti ɗaya.

Haka muka ci wannan daminar da rani, aikin Alhaji na fita lafiya. Gambo kan zo ɗaukar mota ya ce, "Oga, wallahi tun da ka yi ciwon nan hannunka ya ƙara albarka. Ko ɗigo ba ta yi." Baban Ummi ya ce Allah ne. Ni ina kan taya ina kallon ƙasa.

Aikin Challawa a damina ta biyu ya zo. An kwana ana ruwa. Alhaji ya bugo waya da hantsi ya ce tarakta ta tsaya masa a harabar wani kamfanin jima, silasha in an ɗaga ta sai ta sauko, ba za ta hau titi tana jan ƙasa ba. Masu kamfani sun matsa, ya riga ya sa an sayo mai, bakanike ya zo can ya yi. Baban Ummi ya ce ba za a iya lallaɓowa da ita ba? Alhaji ya ce ai ya gaya masa.

A cikin adaidaita muka shirya yadda za a yi. Zan bi shi a matsayin mai kawo abinci, Ummi a bayana, wandon aiki a cikin kula. In mun isa zai aiki Gambo sayen wani abu mai nisa, Alhaji kuma ba ya zama wurin aiki, ofis zai shiga. Kafin su dawo na juye.

Da muka shiga sai na ga abin ba haka yake ba. Taraktar na tsakiyar fili, ciyawa har gwiwa inda ba a kai ga yankewa ba. Alhaji ya sa an kawo masa benci ya zauna a inuwar katanga, waya a hannu. Ga maigadin kamfanin, wani dattijo mutumin Nijar da rawani. Ga ma'aikata da suka fito shan iska sun jeru suna kallo. Janareton kamfani na ruri a gefe, sai an ɗaga murya ake ji.

Gambo ya tare ni ya karɓi kula. "Matar Oga, yau har nan? Allah ya bar ƙauna." Ya jijjiga ta. "Kai, ba nauyi. Azumi ake a gidan Oga?"

Na karɓe abina.

Baban Ummi ya zaro geji. Daga inda nake na hango shi fari kamar an tsoma a koko. Na dubi tayoyin, ga shatin laka har sama da tsakiyarsu. Ya ce wa Gambo, "Ka sake shiga kogi da ita ko?"

"Wanka kawai na yi mata, Oga. Mota ba ta wanka?"

"Na ce maka da bokiti. In ka tsunduma ta har ciki, ruwan ina kake so ya je?"

Ya ce Gambo ya tafi Sharaɗa ya ɗauko wata sifana da ya manta. Alhaji ya ɗago kai ya ce, "Ba inda za shi. Aika ɗaya ce zai kai la'asar. Ga akwatin kayan motar nan, duba ciki." Aka duba, ga sifanar a ciki.

Ba sauran dabara. Na ga Baban Ummi ya naɗe hannun riga.

Gambo kuwa, don neman shiri bayan faɗan da aka yi masa, ya haye mota ya kunna, ya taka ta har tana kuka, silasha ta yi ta karkarwa ta tashi sama. Ya kashe ya diro yana murna. "Ga shi na buɗe maka hanya, Oga. Shiga ta baya a sarari, ba sai ka matse ta gefe ba."

Duk garin nan ba wanda ya fi Baban Ummi sanin ba a yin haka. Amma shiga ta gefe sai an dogara da hannun dama a ja jiki, nasa kuma ba ya ɗaukar sa, kowa zai gani. Ta baya kuwa kwanciya kawai zai yi ya tura da ƙafa. Ya saci kallon Alhaji. Sannan ya shimfiɗa kwali ya shige, kansa da kafaɗu a ƙarƙashin mota, cinyoyinsa a ƙarƙashin silasha. Ya ajiye mazurarinmu na langa-langa a gefen gwiwarsa.

Ina jin sifana na zamewa tana bugun ƙarfe. Da hagu yake yi. Gambo ya duƙa yana leƙe. "Oga, yau notin ya fi ƙarfinka ne? Ko Madam ta hana ka karin kumallo?" Ma'aikatan suka yi dariya.

Ni ba notin nake kallo ba. Akwai wani karan ciyawa da ya tsaya a ƙarƙashin bakin silashar. Da farko tsakaninsu ya kai taƙi. Na gyara goyo na sake dubawa, na ga sun haɗu. Na sake dubawa, karan ya lanƙwashe.

Na ce, "Baban Ummi." Janareto ya cinye. Na matsa na ƙara murya, "Baban Ummi, fito." Na san ya ji, don ƙafarsa ta motsa. Ya ɗauka cewa zan yi ya kawo in yi, a gaban mutane, sai ya yi kamar bai ji ba. Na ce, "Malam!" Duk mazan da ke wurin suka waiwayo, har Alhaji, ban da shi. Karan ya kwanta.

Sai na kira sunansa. Sunan da aka yanka masa rago da shi, wanda tun da aka kai ni gidansa bai taɓa fita daga bakina ba, ko a ɗaki mu biyu. Kuma ba a hankali ba. Yadda ake kiran yaron da ya nufi rijiya, haka na ƙwala shi, har Ummi ta firgita ta fashe da kuka.

Ya fito kamar an fizgo shi. Ya zauna a ciyawa yana kallona kamar bai san ni ba. Yatsa kawai na nuna. Muna kallo silasha ta ci gaba da saukowa abinta, ba sauri, ta sami mazurarin ta danne, ya yi ƙara kaɗan ya baje. Ta zauna a daidai inda cinyoyinsa suke.

Maigadi ya yi salati. Gambo ya ɗora hannu a ka. Ni kuwa ba ƙarfen ne a raina ba a lokacin, Allah ya sani. Ji nake sunan na yawo a filin, kowa ya ji daga bakin wa ya fito. Na ja hijabi na rufe har hanci.

Alhaji ya taso. Ya ce, "Kai kuwa me ya same ka? Kai da kake korar yara a kan wannan?"

Baban Ummi ya ɗauki tsumma ya goge hannun damansa, ya goge sosai, man da na shafa masa da safe ya fita, tabon tsagar ya bayyana. Ya miƙa wa Alhaji tafin. Ya yi ƙoƙarin dunƙulewa, yatsun suka ɗan lanƙwasa suka tsaya.

"Alhaji, hannun nan tun bara bai kama sifana ba."

"Tun bara? To wa ke yi mini aiki?"

Baban Ummi ya sauke hannun. Ya dai juyo da kai inda nake.

Alhaji ya dube ni, ya dubi goyon, ya dubi lallen hannuna. "Ke?"

Na ce, "E, Alhaji," ban san ko ya ji ba.

"Ai da sai ku gaya mini."

Baban Ummi ya ce, "Da mun gaya muku, za ku kawo?"

Alhaji ya sake duban hannun. Mutum ne da ba ya ƙarya ko don daɗin baki. Ya ce, "A'a. Ba zan kawo ba." Ya dubi ciyawar da ta rage, ya dubi hadarin da ke haɗuwa ta gabas. "To yanzu dai ba wani bakaniken a nan. A gama mini."

Na je bayan ɗakin maigadi na sa wandon a ƙarƙashin zani. Da na dawo na kwance goyo, na rasa wa zan ba. Baban Ummi zai riƙa miƙo mini kaya, Gambo ban yarda da hannunsa ba. Ban san lokacin da na miƙa wa Alhaji ita ba. Ya karɓa don ba yadda zai yi, ya riƙe ta nesa da shaddarsa, ita kuma ta kama gilashinsa.

Saura kwanciya. Mace ta kwanta rigingine a ƙasa, maza tsaye a kanta. Na tsaya da kwali a hannu na kasa. Maigadin nan, Allah ya saka masa, shi ya gane. Ya shiga ɗaki ya ɗauko tabarmar sallarsa, ya ware ta ya riƙe a tsaye tsakanina da mutane, ya juya mini baya. Ya ce wa ma'aikatan, "Ku kuma ba ku da aiki ne? Ɗiyata, yi abinki."

A bayan tabarmar nan na juye. Man ya fito fari, da ruwa tsararo a farkonsa. Na wanke filta, na duba mayen ƙarfe, laushi ne, na gode wa Allah. Mazurari ya mutu, sai muka yanke robar ruwa muka goge ta ta bushe. Gambo ya kunna, ya ɗaga ya sauke, ya ɗaga ya sauke, ba wasa a bakinsa ko ɗaya. A ƙarshe ya ɗaga ya kashe inji, kowa ya ja baya, muka zuba ido. Silasha ta tsaya a sama. Hannun dattijon na rawa saboda daɗewa, amma bai sauke tabarmar ba sai da na ce na gama.

Alhaji ya miƙo mini Ummi bai dube ni ba. Ya sallami Baban Ummi ya shiga motarsa. Bai ce za a sake kawowa ba, bai ce ba za a kawo ba.

Ma'aikatan kamfanin nan rabinsu 'yan Panshekara ne. Labari ya riga mu isa gida. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na gaishe ta, ta amsa, na nufi ɗaki, ta ce in dawo. Na durƙusa ina jiran maganar sifana da wando da shekara guda ta ƙarya.

Ta ce, "Da gaske ne kin kama sunansa a gaban maza?"

"Inna, ƙarfe ne zai sauka a kansa."

"Na ji wannan. Amma an ce da ƙarfi."

"Da janareto a wurin, Inna."

Ta ci gaba da tsintarta. Can ta ce, "Kawo yarinyar. Akwai ruwan zafi a murhu, ki je ki wanke wannan lallen naki da kyau." Ba ta sake tayar da maganar ba, amma na yi kwanaki ba na iya haɗa ido da ita, kuma ko biki aka yi a layi a ƙarshen tabarma nake zama.

Rumfa ta yi shiru bayan nan. Wasu da suka fara dawowa suka ji labari suka janye, ɗaya ma aiko mana ya yi cewa shi mace ba ta shiga ƙarƙashin motarsa. Muna zuwa kullum mu buɗe mu zauna. Ranar farko na lakato mai zan shafa masa kamar yadda muka saba, ya janye hannun ya ce bar shi. Tun daga nan da tsabtarsa yake miƙa wa mutane, su riƙe su ji yadda yake. Ina ganin fuskarsa in ana yi. Ya fi masa shiga ƙarƙashin mota wuya.

Sai wata safiya muka ji ƙugin tarakta ta shawo kwana. Gambo ne. Ya shigo da ita har cikin rumfa, ya sauke silasha ta zauna a ƙasa kafin ya kashe, ya zare makulli ya diro. Ya tsaya da makullin a hannu yana kallon mu biyu.

"Alhaji ya ce a kawo wa… to, wa ma zan ba?"

Baban Ummi ya nuna ni da haɓa. Ba mu ja langa-langa ba ranar.

Har yau Alhaji na kawowa, kuma har yau bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, sai dai ya ce wa Baban Ummi a gaya mata kaza, ina tsaye a wurin. Gambo kuma ya samu abin yi. In ya hango Baban Ummi daga nesa sai ya maƙe murya irin ta mata ya ƙwala sunan, ya ruga bayan mota. Duk lokacin da ya yi sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mazurarin da ya baje yana nan rataye a ƙusa a bakin rumfa. Duk wadda ta zo koyo a cikinku, ranar farko ba sifana zan ba ta ba. Shi zan sauko mata da shi ta riƙe, ta juya shi, ta gwada buɗe shi da hannu. Sannan ta hau mota ta sauke mini silasha ƙasa, ta sauko, ta sake hawa ta sauke, har sai na ga hannunta na zuwa kan libar ba tare da na ce komai ba. Ta zo da wando, ta yanke farce. In tana da goyo ta zo da mai riƙe mata.

Ɗaya daga cikinku ta tare ni a bakin famfo kwanan nan tana dariya, wai Anti, mene ne ma sunan Baban Ummi na gaskiya. Na faɗa sau ɗaya, duk Challawa ta ji. Ta je ta tambayi Gambo.